Kalar da Madam Ta Ce a Cire

Jos, farkon Oktoba

Gwaggo Talatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da 'yan matanki na ɗakin kwanan jami'a. Yaya gwiwa? Isyaku direba ya ce ranar da ya kai miki dankali ya tarar kina hawan bene kina yi wa wata ɗaliba faɗa, ba sanda ba komai, sai na ce to, an samu sauƙi. Ni ma lafiya, sai 'yar mura. Na san tun da kunnenki ya fara gardama kin hana a yi miki magana mai nauyi ta waya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Gwaggo, fim ɗin ya kammala. Labarin nan ne na cikin Littafi Mai Tsarki da kike ba mu muna yara a Malumfashi, na yarinyar da mijinta ya rasu, uwar mijin ta ce mata ta koma gidan iyayenta, ita kuwa ta ƙi, ta bi tsohuwar har garin da ba ta san kowa ba. Da Hausa muka yi shi daga farko har ƙarshe. Na so a ce murna zalla zan aiko miki, amma akwai damuwa.

Madam Mercy, wadda ta ɗauki nauyin aikin, ta kalla ta ce ya yi kyau, sai abu guda. Ta ce kala ta yi yawa a ciki, za ta gundiri mutane, a cire ta gaba ɗaya. Wai mutanenmu na coci za su zauna ko me muka nuna musu, don sun san labarin kuma suna jin kunyar tashi. Ita kuwa sinima take nufi da shi, inda kowa da kowa ke shiga, kuma ba mai jin kunyar kowa. Na ce mata in an cire kala ban ga abin da ya rage a fim ɗin ba. Muka yi ta ja har na faɗi maganar da ba zan iya janyewa ba. Na ce ranar da aka cire, a haɗa da sunana, ni kuma in bar harkar fim in koma aji in ci gaba da koyarwa. Kin san ba don ina so na faɗa ba. Babu aikin da nake ƙauna kamar wannan.

A ƙarshe ta kawo shawara. A kai fim ɗin yadda yake gaban mutanen da ba 'yan coci ba, waɗanda ba su san ni ba, ba su kuma san labarin ba. In sun zauna har ƙarshe, ba za a taɓa komai ba. In sun watse, a sa almakashi, ni kuma in kama gabana. Nan take kika faɗo mini a rai. Kin daɗe a Wudil, kin san mutanen ƙauyukan nan, suna kuma ganin girmanki. Don Allah ki nemo mana wuri da izini.

Ki gaida mutanen Sabon Gari.

Ɗanki,
Godwin

Sabon Gari, Wudil, tsakiyar Oktoba

Ɗana Godwin,

Na ga takardarka, na gode wa Allah da kake lafiya. Murar nan ka sha citta da lemon tsami, kada ka zauna jiran ta tafi da kanta. Gwiwa tana nan, ni da ita muna zaman haƙuri. Ka gaya wa Isyaku ya riƙa kallon hanya, ya daina kallon ƙafata.

To ni dai Madam ɗin nan ta ba ni mamaki. A cire kala? A wannan zamanin? Mu da muka ga majigi baƙi da fari muna yara mun san wahalarsa, ba ka iya bambance zanen amarya da na mai takaba. Yanzu ko wayar mai sayar da rake hotonta mai kala ne, sai fim ɗin ɗana za a mayar baya? In idonta ne ba ya son haske, ta sayi tabarau mana. Ka tsaya a kan maganarka, ina bayanka.

Duk da ciwon gwiwar, ban yi ƙasa a gwiwa ba. Ranar Juma'a na haɗu da Mas'uda a kasuwa. Ba ka san ta ba. 'Yar Utai ce, wani ƙauye kusa da nan, a wurinta nake sayen man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma ciniki ya daɗe da zama zumunci. Mijinta ya rasu shekarun baya, tana nan zaune da uwarsa, tsohuwa ce da idonta ya yi rauni. Da na gaya mata, ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah! To ita kalar me ta tsare mata, Mama Talatu?" Washegari ta raka ni wurin Malam Halliru. Babban manomi ne a garin, kuma in ya ce a yi abu, ana yi.

Mun yi gaisuwa har na kusa manta abin da ya kawo ni. Ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya tambayi damina, ya tambayi 'yan makaranta, ya sake dawowa kan gida. Da na faɗi buƙata, ya shafa gemu. Ya ce maganar kala ba ta gardama ba ce, shi ma yana bayan kala. Akwai babban aji a makarantar firamare, zai yi wa hedimasta da dagaci magana. Sannan ya gyara zama ya ce, "Malama Talatu, mun san ki, ba mu taɓa ganin abin ƙi a wurinki ba. Amma ina da tambaya biyu. Tunda daga littafinku labarin ya fito, shin an sa wani ya fito a matsayin annabi? Wannan mu ba ma kallo. Na biyu, labari ne, ko wa'azi ne aka sa wa riga?"

Na ce a labarin da na sani babu annabi ko ɗaya, mata biyu ne da wahalarsu. Amma ku 'yan fim ban san abin da kuke ƙarawa ba, ba kuma zan rantse a kan abin da ban gani ba. Ya ce to, mai fim ya amsa da hannunsa. Saboda haka ka amsa maza, ka kuma amsa gaskiya. Na yi shekaru a garin nan ina cin abinci da mutanen nan, suna zuwa mini barka da Kirsimeti ina zuwa musu barka da salla. Ba zan yarda a shigo musu ta bayan gida da sunana ba.

Gwaggonka,
Talatu

Sabon Gari, Wudil, farkon Nuwamba

Godwin,

Gaisuwa a taƙaice, don ba ka cancanci doguwa ba. Ina lafiya, in ma kana son sani.

Ina amsa? Isyaku ya zo ya tafi, ya sake zuwa, hannu rabbana. Har na karya dokata na sa Miriam, ɗaya daga cikin 'yan matana, ta kira wayarka, aka ce a kashe take. Ko tambayar Malam Halliru ce ta fi ƙarfinka? In akwai abin da kake ɓoyewa a fim ɗin nan, ka faɗa tun yanzu in je in ba mutane haƙuri.

Magana ta riga ta bazu. Daga Utai har Dagumawa ana cewa wata mata za ta zo daga Jos ta cire wa fim kala, kuma ana neman shaidu. Mai shayin bakin tasha ya ce shi ranar zai rufe tebur ya zo ya kare kala. Wannan na dariya ne. Wanda ba na dariya ba, shirunka ya sa wasu sun fara cewa ai dama wa'azi za a yi musu a fakaice, kuma Mas'uda ce ta jawo musu. Jiya ta kawo mai, ta ajiye ta juya, ko ruwa ba ta zauna ta sha ba. Ba ta taɓa yi mini haka ba, kuma abin ya tsaya mini a rai.

Malam Halliru ya aiko cewa dawa ta kusa isa girbi, da an shiga girbi kuwa ba mai lokacin kallon komai. In amsa ba ta zo kafin nan ba, a bar zancen. Ka dai ji. In ka koma riƙe alli, kada ka ce Madam ce ta kore ka, shirunka ne.

Talatu

Jos, tsakiyar Nuwamba

Gwaggo ta kaina,

Ina gaisuwa, ina ban haƙuri, ban haƙurin ma ya fi yawa. An tafi da ni aikin wani fim can bayan duwatsu inda waya ba ta kamawa, sai jiya na dawo na tarar da takardunki biyu a ƙarƙashin ƙofa. Ta biyun ta dame ni ƙwarai. Amma ta farkon, Gwaggo ki yafe mini, na yi dariya har maƙwabcina ya leƙo ya ga ko lafiya.

Ba kala ta launi ba ce! Ta gona nake nufi, wadda ake ja a baki, kaala, tsintar zangarniyar da ta faɗi bayan masu girbi sun wuce. Da a baki na faɗa miki da kin ji bambancin, amma a takarda duk ɗaya suke. Launin fim yana nan, ba mai taɓa shi. Ke da kika ba mu labarin, kin manta da me yarinyar ta ciyar da tsohuwar?

Bari in gaya miki wurin da ake rigima a kai. A tsakiyar fim ne, yana da tsawo, kuma kusan babu magana. A gonar dawa muka ɗauka, don mutanenmu su ga abin da suka sani. Yarinyar tana bin bayan masu girbi a duƙe, tana tsintar abin da ya zuba. Rana na dukanta, baya na ciwo, ta miƙe ta dafa ƙugu, ta sake duƙawa. Mai gonar ya hango ta ya tambaya ko wace ce, aka gaya masa abin da ta yi wa uwar mijinta. Bai kira ta ya ba ta sadaka a gaban mutane ba. Ya ja masu girbin gefe ya ce su riƙa sakin hannu, su bar zangarniya ta faɗi da gangan, kada kuma su nuna mata. Wannan ne Madam ta ce ya yi tsawo, wai ba wanda zai zauna yana kallon mace tana duƙawa tana miƙewa. Ni kuma na ce in mai kallo bai gaji tare da ita ba, ba zai ji daɗin abin da mai gonar ya yi ba.

Ga amsar Malam Halliru, ki karanta masa yadda na rubuta. Malam, ina gaisuwa da girmamawa. Babu annabi a fim ɗin nan, ba fuska ba murya. Babu kuma wanda ya juyo ya yi wa mai kallo wa'azi. Labarin daga littafinmu yake, ban ɓoye ba, amma abin da ke ciki bazawara ce da tsohuwa da mai gona. In ka ga saɓanin haka, ka sa a kashe inji nan take, ba wanda zai ce maka don me.

Madam za ta zo da kanta ranar Asabar mai zuwa, da na'ura da farin ƙyalle. Ni ta hana ni zuwa, wai fuskata za ta riƙa roƙon mutane su zauna. Ki ba Mas'uda haƙuri a madadina, na jawo mata magana ba ta ji ba, ba ta gani ba. Na dogara da ke, Gwaggo. Ki kalla da kyau, ki rubuto mini komai, ko mai daɗi ko marar daɗi.

Ɗanki mai laifi,
Godwin

Sabon Gari, Wudil, ranar Lahadi

Ɗana,

Lafiya lau muke, gwiwa ce kawai take ƙorafin tsayuwar jiya. Yanzu na dawo daga coci, ko ɗankwali ban cire ba na ɗauki biro. Ka nemi wuri ka zauna, labarin da tsawo.

Bari in fara da kunyata. Na je Utai da takardarka na ce, "Jama'a, ashe ba kala ba ce, kaala ce." Mas'uda ta yi dariya har ta zauna a kan turmi tana share hawaye, fushinta ya tafi a nan. Yanzu duk inda na gitta sai in ji ana cewa ga Mama Mai Kala. Kai ka jawo mini. Malam Halliru bai yi dariya sosai ba. Ya saurari amsarka ya ce ta yi. Sannan ya ce, kamar da kansa yake magana, rabonsa da ganin mai kala a gona an daɗe, yanzu 'yan ƙwadago share gona suke tas, ko tsuntsu ba ya samun na kalaci.

Miriam da 'yan ƙungiyar addu'arsu sun so su cika mota su zo su tafa maka. Na hana. Na ce in sun zo sun ɓata gwajin, su zauna a ɗaki su yi addu'ar daga can.

Madam ɗinka ta iso da azahar. Na tanadar mata faɗa, sai na ga mace mai hankali. Ta rufe kanta, ta durƙusa ta gaida dattawa, ta ci tuwon Mas'uda har ta nemi ƙari. Aka toshe tagogin ajin da tabarmi, aka rataya ƙyallen a kan allo. An so a fara da an idar da la'asar, janareta ya ƙi tashi, sai da rana ta yi sanyi sosai ya yarda. Maza ne suka cika ajin, sai tsofaffin mata kaɗan da mu a baya. Mai shayi yana sahun gaba. Hoto na fitowa ya ɗaga murya ya ce, "Alhamdu lillahi, ba a cire ba!" Shi har lokacin labari bai kai masa ba.

Farkon ya tafi daidai. Da aka zo inda tsohuwar ke korar yarinyar tana ƙin tafiya, wani dattijo ya ce, "Kai, wannan 'yar halak ce." Mas'uda tana gefena, na ga ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta.

Sai aka shiga gona. Yarinyar ta duƙa ta fara tsinta, ajin ya yi tsit. Ban san ko na jin daɗi ne ko na gajiya ba, Madam dai sai waige-waige take. Ana cikin haka aka kira sallar magariba. Godwin, kafin ka ce kwabo ajin ya zama wayam. Daga ni sai Madam sai mai na'ura sai bencina. Ta dube ni ta ce, "Mama, na san salla suka tafi. Amma kin ga daidai inda aka tsaya. Wanda ya gaji ya samu hanyar gudu, ba zai dawo ba." Ni ma na fara ganin gaskiyarta. Har Mas'uda ta ɓace ba sallama. Na zauna ina addu'a a zuci, ina hango ka da alli a hannu.

Aka idar da salla, shiru. Muka ƙara jira, shiru. Madam ta ce wa mai na'ura ya fara naɗe wayoyinsa. Sai muka ji hayaniya daga cikin gari, muka leƙa, ga hasken tocila da na waya suna tahowa. Abin da ni da na daɗe a nan ban kawo a raina ba shi ne, matan aure a garin ba sa fita da rana, sai an yi magariba. Ashe mazan da suka fito masallaci gida suka wuce, kowa ya ce wa iyalinsa fim ɗin nan naku ne, babu abin kunya a ciki, ku taso. Mas'uda kuma ta bi gida-gida tana ba su farkon labarin a tsaye. Ga su nan da goyo da tabarmi, ita a gaba riƙe da hannun uwar mijinta. Aji ya kasa ɗauka. Malam Halliru ya sa aka fito da ƙyallen aka rataya a bangon makaranta, maza gefe, mata gefe.

Mai na'ura zai ci gaba daga inda aka tsaya, sai wata mata ta ce daga baya, "A'a, Malam, mu ba mu ga farkon kalar ba. A mayar mana!" Maza suka ce a mayar, su ma ba su ƙoshi ba. Wurin nan da aka ce ya yi tsawo, sai da aka maimaita shi tun daga shigarta gona. Na saci kallon Madam, bakinta a buɗe.

Wannan karon ba a yi shiru ba. Mata na ta yi wa yarinyar sannu. Wata ta ce mata ta waiga, ta bar ɗaya a baya. Tsohuwar Mas'uda ba ta gani sosai, Mas'uda na raɗa mata abin da ke faruwa, ita kuma sai cewa take, "Allah ya yi mata albarka," tana shafa hannun Mas'udar. Da mai gonar ya ja masu girbi gefe, zangarniya ta fara zuba a gaban yarinyar tana ta mamaki, sai wata ta rangaɗa guɗa, saura suka ɗauka. Ban taɓa jin an yi wa zangarniyar dawa guɗa ba sai jiya. Na yi kuka, ba na ɓoyewa. Malam Halliru ya cire hula ya mayar, ya ce wa na kusa da shi, "Haka mahaifina yake yi."

Ba wanda ya motsa har ƙarshe, an gama ana kiran isha'i. Mas'uda ta ce mini, "Mama, ashe a littafinku ma akwai irinmu." Mai shayi yana can yana gardama shi kaɗai, wai ko ma wace kala ce, shi dai ya hana a cire. A bakin mota Madam ta riƙe hannuna ta ce, "Mama, ki gaya wa ɗanki taurin kansa ya yi rana. Ko daƙiƙa ba zan taɓa ba." Na ce ta gaya maka da kanta, ni ba 'yar aikenta ba ce. Ga shi kuma na kasa haƙuri.

Ka ajiye alli, ɗana. Ina alfahari da kai.

Gwaggonka,
Talatu

Jos, ƙarshen Nuwamba

Gwaggo,

Ina gaisuwa, ina kuma yi wa gwiwa sannu. Mura ta tafi, citta ta yi aiki.

Madam ta riga takardarki isowa, amma ita magana ɗaya ta yi, ta ce in ci gaba da aikina. A takardarki na ga wurin da idona. Na karanta ta a tsaye, na sake karantawa a zaune, da na zo kan guɗar sai da na fita waje don kada abokan aiki su ga fuskata. Yanzu Madam duk wanda ya shigo ofis sai ta ba shi labarin Utai, kuma yadda take bayarwa sai ka rantse ita ce ta hana a cire. Na bar mata. Masu sinima biyu sun yarda su sa fim ɗin bayan sun ji labarin, ana kuma magana da na uku.

A ƙarshen fim za mu rubuta godiya ga mutanen Utai, da Malam Halliru, da Mas'uda da tsohuwarta. Saura ke. In rubuta Talatu, ko in rubuta Mama Mai Kala?

Ɗanki,
Godwin

Sabon Gari, Wudil, Disamba

Ɗana Godwin,

Muna lafiya, 'yan mata sun tafi hutu, gidan ya yi mini faɗi. Ka kuskura ka rubuta sunan nan, ni da gwiwar za mu hau motar Isyaku mu same ka har ofis.

An gama girbi a Utai. Shekaranjiya Mas'uda ta zo, ta zauna, ta sha ruwa, ta ci abinci. Ta ce bana ita da wasu zawarawa sun fita kala, abin da suka daɗe da bari don ba a samun komai. Gonar Malam Halliru suka fara shiga. Ta ce, "Mama, ni ban san me ya samu 'yan ƙwadagon Malam bana ba. Hannunsu ba ya riƙe komai." Ta faɗa ba ta ko yi murmushi ba, ni ma na ce lallai abin da mamaki, ƙila gajiya ce. Muka dubi juna. Abin da ta samo zai kai ta da tsohuwar nesa, kuma ta ce gonaki biyu na maƙwabtansa ma haka hannun ma'aikatansu ya lalace.

Ta ware zangarniya ɗaya daga ciki ta ce a aika wa mai fim. Na naɗe ta a leda, tana wurin Isyaku, ka karɓa da hannunka kada ya zauna a kai. Jar dawa ce, ja jawur. In ka gama kallo ka kai wa Madam, ka ce in ji ni, ga kaala ga kala a wuri guda, ta zaɓi wadda za ta cire.

Allah ya tsare, ya sa albarka.

Gwaggonka,
Talatu